Gaisuwar Kaka a Kaset

A unguwar Darrasa, can a ƙasar Larabawa, muke zaune a lokacin, a saman shagon wani mai ɗinke littattafai. Baba yana karatu a jami'a, ni ina firamare, na fi son kallo da magana. In sanyi ya shigo, bayan magariba mukan kewaye risho, Kaka ta kara tafin hannunta kusa da wutar ta ce, "Ku matso, bakina ya ɗumama."

Labari ɗaya ta fi maimaitawa. Da ƙuruciyarta ita da mijinta suka bar garinsu za su hajji, yau a ƙafa, gobe a bayan babbar mota. Shekaru suka yi a Sudan suna tsinkar auduga kafin su haye teku. A Makka ta yi kiciɓis da wata 'yar garinsu da ta zo a jirgin sama, sa'ad da jirgin bai daɗe da fara ɗaukar alhazai ba. Matar ta kwance ƙullin zanenta, ta miƙa mata dunƙulen fura.

Kaka takan ce mini, "Ladidi ce ta kirɓa, ƙanwata. Hanyar da ta cinye mini ƙuruciya, 'yar nan, fura ta biyo ta ko tsami ba ta yi ba!"

Ba ta sake komawa gida ba. Bayan hajji suka koma Sudan, can mijinta ya rasu, can ta raini Baba. Burinta ɗaya, ta ji muryar Ladidi kafin ta mutu.

Wata shekara Baba ya aro rikoda, don wani ɗalibi ɗan garin su Kaka zai tafi hutu gida, zai kai wa Ladidi saƙonta. Kaka ta yi alwala, ta sake mayafi. Ni na danna jan maɓallin.

"Ladidi, kin wuni lafiya?" Sai ta yi shiru. "Yaya gida?" Ta sake yin shiru.

"Inna, kaset fa yana tafiya," in ji Baba. "Yalla, yi sauri ki faɗi abin da za ki faɗa."

"Kai da karatunka! A gai da mutum a hana shi amsawa?"

Haka ta bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, kowa ta bar masa wurin amsa. Kaset ya cika bai ɗauki komai ba sai gaisuwa.

Da ɗalibin ya dawo, ya tsaya a ƙofa yana cewa ma'alish, a yi haƙuri. Ladidi ta rasu tun damina. Amma mutanen gidan sun kunna muryar Kaka a tsakar gida, sun ajiye wata rikoda a gefe tana ɗauka, kowa ya amsa a wurin da aka bar masa.

Muka saurara. "Ladidi, kin wuni lafiya?" Babu wanda ya shiga wurin. Sai ƙarar taɓarya daga nesa, da kukan akuya.

"Mayar da shi baya," Kaka ta ce mini. Na mayar. Ta kasa kunne. "Turminmu ne. A gindin tsamiya yake."

Daga ranar, in an kunna risho, nan kawai take sa ni in mayar, har kaset ɗin ya fara jan murya.

Na daɗe ina jin haushin ba ta yi wa Baba biyayya ta yi sauri ba, kamar saurin zai canza wani abu. Sai da na girma na gane, da ta cika kaset da magana, da ko ƙarar turmin ba ta samu ba.