Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Har yau ban manta da ranar tseren da muka shirya a kan titin Talata Mafara zuwa Bakura ba, cikin wani watan Agusta, ina ƙaramin jami'i a sashen wasanni. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana, ku saurara, amma ba labarin gwaninta ba ne.

Ƙa'idar ita ce wanda ya zo na ɗaya za a tura shi sansanin horo na jiha, da alkawarin aiki. Ni aka ɗora wa raba ruwan sha a hanya da bin na gaba a kan babur. Ɗan tserenmu Sanusi ne, manomin shinkafa a Bakolori, magidanci, wanda ambaliya ta cinye wa gona a shekarar. Aikin nan kaɗai ya sa wa ido.

An ce a tashi da bakwai na safe. Babban baƙo bai iso ba sai da rana ta take, sannan aka yi jawabai a kan muhimmancin kiyaye lokaci. An kwana ana ruwa, ƙasa sai huci take kamar tukunyar dambu, ko tsaye kake gumi na bin bayanka. Ruwan shan kuwa na sa an jibge shi duka a wurin ƙarewa, gefen rumfar manyan baƙi, don ya fito a hoto.

Sanusi ya ba kowa rata. Muna shiga wani ƙauye sai na ga ya rage gudu, ya tuɓe takalma, ya durƙusa gaban wani dattijo da ke tufka igiya a gindin tsamiya, shi Sanusin yana jan rigarsa don ya rufe gwiwoyi. Ashe surukinsa ne.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. Wa yak koro ku?"

"Ba kowa, Baba. Wasa muke."

"Wasa? Da tsakar rana, ba wando?"

Aka shiga gaisuwa: ya ruwa, ya mutan gida, ya jikin tsohuwa, yaron ya fara tafiya? Mutum uku suka wuce mu. Na danna hon, na daka tsawa: "Kai tsoho, sake shi mana! Aikin gwamnati muke!"

Dattijon ya dube ni, ya dubi babur ɗin. "Sannu kai ma, ɗana. Kai dai na ga ba ka gaji ba."

Ya sa aka kawo ruwan randa a ƙwarya. Sanusi ba shi da bakin ƙi. Ya juya baya ya sha, aka ce ya sheƙa sauran a ka, ya sheƙa. Bai motsa ba sai da aka ce masa, "Tashi ka je ga wasanka."

Na bi shi ina zagi, ina gaya masa ya sayar da aikinsa a kan gaisuwa. Ba mu yi nisa ba muka iske na farko cikin ukun da suka wuce mu zaune a bakin kwalbati yana amai. Na biyu yana kwance a inuwa, mata na yi masa fifita. Na ukun yana tafe yana layi, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, ina ruwan?" Na kau da kai. Sanusi ya wuce su duka, shi ya zo na ɗaya.

A rumfa shugaban sashenmu ya dafa kafaɗata. "Wannan dabara ta hutun tsakiyar hanya, a ina ka koyo ta?"

Na ce, "Ƙwarewa ce, ranka ya daɗe."

Aka yaba mini a gaban jama'a. Yaron da ya roƙe ni ruwa kuwa sai da aka kwantar da shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, kuma ba wanda ya tambayi dalili. Allah Ya yafe mini.

Bayan Sanusi ya kama aiki na koma ƙauyen na durƙusa na ba dattijon haƙuri. Ya ce, "Ban riƙe ka ba. Na ɗauka rana ta taɓa ka."

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai gudu daban, mai ba da ruwa daban, wanda ake tafa wa kuma daban. In aka ba ku ruwan tsere, ku kai shi inda babu mai ɗaukar hoto.