Dutsen Niƙan Goggo

A gidanmu maza ba su riƙe tarihi ba. Ka tambayi babana wa ya haifi kakansa, sai ya ce Allah ya jiƙan na baya, ya ƙara muryar rediyo. Mata ne suka riƙe, su ma a bakin dutsen niƙa. Waƙa ce doguwa, rabi Hausa rabi Fillanci, duk turi ɗaya suna ɗaya: wanda ya taso da shanu daga wajen Babura, wadda aka binne a hanya, wanda ya fara kafa bukka a gindin duwatsun Roni. Uwa ke koya wa 'ya, hannu na aiki baki na jero zuriya.

Goggo, yayar babana, ita ce ta ƙarshe da ta iya. Mu 'yan inji ne. Kullum tana yi mana tsiya wai tuwonmu warin ƙarfe yake.

Da aka ce ɓarin jikinta ya shanye, na hau acaɓa daga Kazaure na je da wayata, na ce ta faɗa min sunayen in ɗauka. Ta ambaci mahaifinta, ta ambaci kakanta, ta tsaya. Ba ruɗewa ta yi ba, don har ta tambaye ni maigidana da ciwon ƙafarsa.

"Ba a zaune ake yin ta ba," in ji ta. "Sai hannu na tafiya take zuwa."

Hannun kuwa yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

Na samo dutsen a bayan ɗaki, an mai da shi wurin wanke ƙafa. Na wanke, aka kama min muka ajiye gaban tabarmarta. Na kunna wayar tana ɗauka, na zuba gero na durƙusa, ni da ban taɓa niƙa ko barkono ba. Ta ce ina sauri. Na rage, ta ce yanzu kuma na yi sanyi. Leɓenta na motsi tana laluben inda za ta shiga, ba ta samu ba. Har la'asar muna haka, gwiwoyina suka sage. Daga baya ta ce in bari, in ba kaji tsakin.

Kafin lokacin kaka Goggo ta rasu. Ban yi kuka ba. Na zauna cikin mata ina amsa gaisuwa, ina jiran abin ya taso min, bai taso ba. Har yau ban ji komai ba sai nauyi.

Kwanan baya 'yata ta tambaye ni daga su wa muka fito. Na miƙa mata wayar. Ta saurara: ƙarar dutse, hakina, can sai muryar Goggo, "Kina sauri, 'yar nan."

Ta jira har ya ƙare.

"Mama, sunayen fa?"

"Shi ke nan abin da ke ciki," na ce.