Yatsu Biyun Baffa

Matso kusa ka ji. Jiya jikata ta ɗaga yatsu biyu za a ɗauke ta hoto, sai na tuna Baffa, ƙanen babana.

Aikin kwamfuta ya yi a Sakkwato kafin ya dawo gida garin Isa. Ni ban yi boko ba, amma kunnena bai zubar da magana. Ya ce a inda yake rubuta wa na'ura umurni, in ka sa 'yan ƙafafu biyu, wani zane kamar yatsu biyu a jere, a farkon layi, sai ta tsallake shi. Maganar tana nan, amma ba ta aiki. Sai abin ya zame mishi ɗabi'a: in bai son zancenka, ya ɗaga maka yatsu biyu.

Shekarar da fari ya ƙone gero, na tako daga Tozai zuwa gidan Baffa goye da ɗiyata. Rumbunsa cike, ƙamshin miyar kuka har zaure. Na durƙusa na ce, "Baffa, ko tiya guda ta gero ka auna mini, nonona ya ƙafe."

Bai ko dube ni ba. Yatsu biyu. Ɗiyansa suka kwashe da dariya. Yarinyar ba ta ga wata damina ba.

Ina ɗakin ran da ciwo ya kwantar da shi, yana nishi yana cewa, "Ku sai da bijimin nan ku kai ni asibiti." Babban ɗansa ya ɗaga mishi yatsu biyu, ya fice.

Allah Shi jiƙan Baffa, kada a tsallake roƙonsa a can. To kai, da kana ɗakin, za ka kama hannun yaron nan ka sauke?