Ƙashin akuya a wuyan baƙuwa

Na yi shekaru ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai ɓata wa wani rai a kan addininsa. Amma abin ya ƙi barina.

A lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, cikin wani ƙauye na yankin Gangara a ƙasar Tanut, an hana Hausa, sai Faransanci. Akwai ƙashin akuya da aka ɗaura wa igiya, muna ce masa sambol. Wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani. Wanda aka tashi da shi a wuya, shi ke shan bulalar mushe, wato malaminmu.

Ran nan tun da safe yake wuyana. Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar duka. Kowa ya gan ni sai ya rufe baki.

Da rana muka zauna cin shinkafa a kantin, ɗakin cin abincin makaranta, mu shida a kwano ɗaya. Cikinmu har da wata baƙuwa, Kirista, ƴar wani mutumin Maradi da aka kawo gyaran famfon rijiya. Muka yi bismilla kamar kullum. Ita kuma ta rufe ido, ta ce a hankali, "Uba, mun gode maka domin wannan abinci."

Kafin ta buɗe ido na rataya mata.

"Kin yi Hausa," na ce.

"Ba da ke nake ba, ƙawata. Da Allah nake."

Wata babba a cikinmu ta yi dariya. "To Allah ya ji, saura mushe."

Da aka zo tashi, mushe ya gan shi a wuyanta. Ya tambaye ni me ta ce. Na san da na ce addu'a ce, da wataƙila ya ƙyale ta. Amma in ya ƙyale ta, ƙashin zai dawo wurina. Na ce, "Hausa ta yi." Ba ƙarya ba ce, na sha gaya wa kaina haka. Aka dake ta, ba ta kalle ni ba.

Washegari mahaifinta ya zo ya ga diraktan makarantar. Ya tambaya ko bismillarmu Faransanci ce. Sai diraktan ya ce makarantar gwamnati ce, daga yau kowa ya yi addu'arsa a zuci. Iyayenmu suka fusata, suka ce baƙo ya sa an hana ƴaƴansu ambaton Allah. Aka daina gaida shi a bakin rijiya. Ni kuma kullum ina cikin fargaba, kada a gano daga ni abin ya faro. Ban faɗa wa ko innata ba. Kafin girbin gero suka kwashe kayansu.

Tana cikin masu ƙoƙarin ajinmu, kuma shekarar jarrabawar satifika ce. Ban sani ba ko an karɓe ta a wata makaranta, ko karatun nata ya tsaya nan.

Don Allah, idan akwai wanda ya san wata mata daga wajen Maradi, wadda mahaifinta ya taɓa gyaran famfo a ƙasar Tanut, mai ɗan tabo a gira ta hagu, ya sanar da ni ko ta zana jarrabawar.