Malama Saloma Abel da Ajin Tsamiyar Dattijo

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayiya Malama Saloma Abel a shekarar 1959 a wani ƙauye da ke gindin dutsen Kagoro. Sunan mahaifinta Hananiya, magini ne, mahaifiyarta kuwa Ladi, mai saƙar tabarma. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya shida. A shekarar 1974, lokacin da ake haƙa manyan hanyoyin ruwa na noman rani a ƙasar Kano, waɗanda mutanen yankin ke kira kanal, mahaifinta ya samu aikin zuba kankare, ya kwashe iyalinsa suka tare a Kura.

Karatu, Aiki da Aure

Ta kammala firamare tun a gida, sannan ta shiga kwalejin horar da malamai mata, inda ta samu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1981. An fara tura ta koyarwa a Madobi. A 1983 aka ɗaura aurenta da Abel, bakanike mai gyaran injin ban-ruwa, suka zauna a Bunkure. A 1988 aka yi mata canjin wurin aiki zuwa firamaren Tsamiyar Dattijo, wani ƙauyen manoma da makiyaya da ke bakin kanal, kuma a can ta ƙare aikinta.

Komawa Makaranta

A shekarar 1996 ciwon sanƙarau ya kama autarta, Joanna, tana da shekara biyar. Yarinyar ta tashi, amma ta rasa ji baki ɗaya. Malama Saloma ta shekara biyu tana zaunar da ita a gaban aji tana ɗaga murya, ba tare da yarinyar ta kama ko harafi ɗaya ba. Abokan aikinta sun ruwaito cewa ta ce musu: "Na shekara goma sha bakwai ina koyar da 'ya'yan mutane, ga tawa na kasa. Ba laifinta ba ne, ni ce ban iya ba." A 1998 ta nemi hutun karatu, ta bar yara a hannun mai gidanta, ta tafi Jos, inda ta yi shekara uku tana koyon ilimin koyar da masu nakasa, da maganar hannu ta kurame, da rubutun makafi.

Buɗe Aji

Ranar Litinin, 17 ga Satumba, 2001, ta buɗe aji na musamman a wani ɗakin ajiya da shugaban makarantar, Malam Abdulrauf, ya share mata. Ta fara da ɗalibai bakwai: kurame huɗu, cikinsu har da Joanna, makafi biyu da gurguwa ɗaya. Ɗaya daga cikin makafin ita ce Saliha, jikar Ardo Jaji, shugaban Fulanin da ke zaune a bayan kanal. Sai da Malama ta taka zuwa rugarsa sau huɗu kafin ya amince. A zuwa na ƙarshe ya tambaye ta: "Malama, wadda ba ta ganin allo, da me za ta yi karatu?" Ta amsa masa: "Da yatsunta, Baba. Ka ba ni shekara uku."

Duk kayan aikin da ta dawo da su daga Jos ba su wuce allon rubutun makafi guda ɗaya da littafin maganar hannu ba. Saboda haka ta duƙufa ƙera sauran da abin da ƙasar ke da shi. Ta fara manna ƙwayar shinkafa a kan kwali da sitaci domin makafi su shafa su san tsarin ɗigon haruffa, ɓeraye suka cinye aikin wata guda cikin hutun mako. Ta koma amfani da ƙananan tsakuwa da ƙaro. Ta huda 'ya'yan tsamiya ta zura su a waya domin lissafi. Ta tara madubin babur da aka yar a wurin masu gyara, kurame suna duba motsin leɓensu a ciki. Ta yanka buhunan taki ta ɗinke su, ta zana musu hotunan tumatir da albasa da saniya, kowanne da alamarsa ta hannu. Mai gidanta ya lanƙwasa tsohon bututun ban-ruwa ya yi wa gurguwar tebur daidai zamanta.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne allon rubutun makafi, domin ramukansa suna buƙatar awo na daidai. Ta kai nata wurin Maharazu, wani maƙeri a Kura, ya ƙera sau goma sha ɗaya tana mayar masa. A na goma sha biyu takarda ta fito da ɗigo a tsaye, ya yi mata guda takwas.

Ambaliya da Wa'adi

A watan Agusta na 2004, bayan ruwan sama na kwana biyu, kanal ya ɓalle ya shiga makarantar. Ɗakin ajin na ƙasa ne, ya zube, kayan shekara uku suka narke a laka. Allunan ƙarfe ne kaɗai aka tono. A watan Satumba wasiƙa ta iso daga hukumar ilimi cewa ajin da ba shi da ɗaki kuma ba shi da kayan koyarwa za a rufe shi a ƙarshen zango, a shawarci iyaye su kai yaran makarantar kwana a birni. A lokacin ɗaliban sun kai goma sha tara, kuma da aka tara iyayen, mutum biyu ne kawai suka ce za su iya rabuwa da 'ya'yansu.

Malama Saloma ta roƙi a zo a duba kafin a zartar. Ta mayar da aji ƙarƙashin rumfar kara, ta raba aiki. Matan majami'arsu suka ɗauki ɗinkin buhuna, matan ruga suka kawo ƙaro da ƙorai, masu injin casar shinkafa suka ba da kwali, manyan ɗaliban kuma suka manna tsakuwa da kansu. Wannan karon ta sa aka yi akwatunan ƙarfe aka rataye su a sama. Malam Abdulrauf ya kwashe takardunsa, ya bar mata ofishinsa ya zama aji.

Ranar Talata, 7 ga Disamba, 2004, jami'in duba makarantu, Malam Iliyasu, ya iso. Ya dudduba kayan, ya ce sun yi kyau, amma ba su cikin jerin da aka ba shi. Malama ta ce: "Ranka ya daɗe, kada ka duba kayan, ka duba yaran. Faɗi duk abin da kake so a rubuta." Ya sa aka fitar da Saliha waje, ya faɗi jimla a hankali, Malama ta huda ta a takarda. Aka shigo da yarinyar, ta ɗora yatsunta, ta karanta a gaban kakanta Ardo Jaji, wanda ya zo kallo ranar: "Yau na zo rufe wannan aji." Sannan ta ce: "Malam, a ba ni allon in rubuta maka amsa." Ta rubuta, wani ɗan ajinsu makaho ya karanta: "Mu ba mu gama karatu ba." A rahotonsa Malam Iliyasu ya ba da shawarar a bar ajin, kuma a turo malamai su koyi aikin.

Shekarun Ƙarshe

Daga 2005 zuwa 2008 ta riƙa karɓar malamai daga Kura da Madobi da Bunkure kowace Asabar, tana nuna musu yadda ake haɗa kayan. Sharaɗinta shi ne kowa ya ƙera nasa da hannunsa kafin ya tafi. A 2007 Saliha da Joanna suka samu shiga sakandare. A 2008 ciwon sukari ya taɓa idanunta har ta daina ganin rubutu, amma ba ta ajiye aiki ba. Ta ci gaba da zuwa aji ana riƙe da hannunta, tana gyara aikin yara da yatsu.

Rasuwa

Ta koyar a ranar Laraba, 11 ga Nuwamba, 2009. Washegari Alhamis da hantsi Allah Ya yi mata rasuwa a gidanta da ke Bunkure, tana da shekara hamsin. An yi jana'izarta ranar Asabar, 14 ga wata, aka binne ta a maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Manoma da makiyaya Musulmi sun tsaya a harabar majami'a har aka gama addu'a, suka raka gawar da ƙafa. Da faston ya fara jawabi a bakin kabari, babu wanda aka tanada domin fassara wa kurame, sai Joanna ta karɓi takardar jawabin, ta tsaya a gabansu ta mayar musu da shi da hannu har ƙarshe.

Ta rasu ta bar mijinta, Abel, da 'ya'ya uku: Bernice, ma'aikaciyar jinya, Lucky, manomin shinkafa a Kura, da Joanna, ɗaliba. Ta kuma bar ɗalibai talatin da ɗaya a rajistar ajinta, waɗanda aka kira sunayensu ranar Litinin da ta biyo baya, kowa ya amsa, wasu da baki, wasu da hannu.