Sandunan da Baba Guduma Ya Gasa

A maƙera aka haifi Baba Guduma, kuma ko da ya samu aiki a ɗakin gwajin ƙarafa na jami'a, maƙerin bai fita daga jikinsa ba. Shekara talatin da ɗaya yana can, yana gyara wa masu digiri injinan da ba su ma san inda ake kunna su ba. Ga taurin kai, ga son a ce ya sani. Abin haushin shi ne yawanci ya sani ɗin.

Alfaharinsa duk yana kan 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata. Ita ce ta dawo wannan ɗakin tana binciken digirinta na ƙarshe. Aikin nata shi ne a ɗauki sandar jan ƙarfe mai kaurin yatsa, a cusa ta da injin matsi cikin wani rami mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. In ta fito a ɗan juya ta, a sake cusawa, har sau takwas. Kowane matsi yana farfasa ƙwayoyin da ke cikin ƙarfen su ƙara ƙanƙancewa, ƙarfen kuwa ya ƙara ƙwari. Wuta ce kaɗai ke ɓata aikin, don tana sa ƙwayoyin su sake girma.

"Baba, don Allah ko ɗumi kada su ji," in ji ta.

"Ke Uwata, tun ban san uwarki ba nake dukan ƙarfe," ya ce.

Ran nan tana aji, shi yana kan injin. A matsi na shida ya ji ƙarfen yana kuka, ya duba ya ga 'yar tsaga a bakin sanda ɗaya. A gidansu, in ƙarfe ya gaji wuta ake ba shi, haka ubansa ya koya masa. Ya waiga, ba kowa. Ya zuba duk sandunan, su goma sha biyu, a tandar gasa ƙarfe, ya fitar, ya goge su tas. Suka wuce ramin sumul. Har gaban Farfesa, mai duba aikinta, yarinyar ta yabi hannun ubanta, shi kuwa yana ta shafa gemu.

Bayan sati biyu ta fito daga ɗakin na'urar duba cikin ƙarfe da hotuna a hannu. Ƙwayoyin manya-manya, kamar ba a taɓa matsa su ba. Aikinta na wata huɗu ya tafi, ga ranar kare bincike ta ƙarato.

"Lissafina ne bai yi ba," ta ce a hankali. "Ran Litinin zan gaya wa Farfesa."

Kunya ta kama Baba Guduma, irin wadda bai taɓa ji ba. Kwana uku abinci ba ya wuce masa. In ta gaishe shi da safe, sai ya amsa yana kallon takalminsa.

Ran Litinin ya tare ta a bakin ofishin Farfesa, hularsa a hannu.

"Uwata, ni ne. Na sa su a wuta."

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Ranar da hotunan suka fito na ɗauki sanda ɗaya, da hannu na lanƙwasa ta. Ai kai ka koya mini laushin jan ƙarfen da ya sha wuta."

"To me ya sa za ki ce laifinki ne?"

"Saura wata biyar ka yi ritaya. Ban so a ce da wannan ka fita ba."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya zaro mabuɗin tandar daga aljihu, wanda shekara talatin da ɗaya bai taɓa ba kowa ba, ya danƙa mata. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa da kansa, ya shiga gabanta.