Inda Hayaƙin Ya Tafi

Gidanmu a Kurfi gidan maƙera ne, shi ya sa ko tatsuniyarmu ƙaurin gawayi take yi. Da an sallame isha'i sai mu kewaye kaskon wutar kakarmu, Inna Delu, tsohuwa mai faɗa da yawan kyauta. Babban wanmu, Yaya Lawal, ba ya cikinmu. Yana bayan gari yana gadin ramin gawayi, da ɗanyar ƙasa a hannu, duk inda wuta ta ɓullo ya toshe. In iska ta shiga, wahalar duka ta zama toka, don haka mai gadi ba ya matsawa ko hayaƙi ya juyo kansa.

"Ga ta nan," in ji Inna, "ku riƙe ta da tsumma, da zafinta ta hito."

Wai itatuwan kirya biyu aka sare, wa da ƙane. Ƙanen ya ce shi a fili zai ci, kowa ya gan shi. Ya kama bal-bal, nan da nan ya zama toka. Wan kuwa aka jera shi a rami, aka lulluɓe da ciyawa da ƙasa, aka bar masa 'yar kafa. Zafi ya ratsa shi, babu iska. Ya yi gumi, baƙin mai ya tsattsafo masa, farin hayaƙi ya yi ta fita har ya koma shuɗi, alamar ya nuna. Da aka tone shi ya motse, ba nauyi, amma shi ƙarfe ke rusuna wa a maƙera.

"Kun ji mai haƙuri," in ji ta.

Ni kuwa ga shegen tambaya. "Inna, to hayaƙin, ina ya tafi?"

"Kai, ɗan nema! Mi ya dame ka da hayaƙi? Tashi ka kwanta."

Na yi karatu, har na ji cewa haka ake gasa kwal a manyan masana'antu, a hana shi iska ya zubar da abin da ke cikinsa. Yaya Lawal yana nan bakin raminsa.

Bana na kai shi asibiti a Dutsin-Ma, tari ya hana shi kwanciya. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya ce hayaƙi ya cinye huhun. Da na ɗaga Yaya don in gyara masa shimfiɗa, sai na ji shi sakayau kamar yaro, hawaye suka zubo mini.

"Haba, Malam," ya ce yana haki, "bar kuka. Hayaƙina ne ya fara shuɗi."

Na kwantar da shi, na ja masa mayafi. Yanzu na gane Inna ta san amsar tambayata, don mijinta ma tari ne ajalinsa. Ba ta da wata sana'ar da za ta ba jikanta, shi ya sa ta kore ni in kwanta.